Sallama Uku a Guruf

Malamin da ya kama hannuna ya koya mini baƙi da wasali, ni na raba shi da aikinsa. Ban zage shi ba, ban kai ƙararsa ba. Shiru kawai na yi, na kuma sa yara talatin da huɗu suka yi shirun tare da ni.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada. Wai sakandare. Tsohon gidan haya ne aka fasa bangwayen ɗakunansa aka jera bencina, ga masu walda a jikin katanga suna ta ƙara tun safe, in ka ce yaro ya maimaita sai ka bi leɓensa da ido. Kwamfutocinmu uku, biyu sun mutu tun kafin in zo, ta ukun kuma sai an kawo wuta. Duk da haka ni ne ɗan gaban goshin Hajiya mai makarantar, don ni kaɗai ne in wayarta ta rikice nake warware mata. Yara suna ce mini Ankul, ina kuwa jin daɗin sunan nan kamar me.

Shi kuwa Malam, Hausa yake koyarwa. Ya gama aikin gwamnati a firamare, zaman gida ya gagare shi, Hajiya ta ɗauke shi. Kullum daga Tudun Jukun yake tahowa a kan kekensa, ya maƙale bakin wandonsa da abin shanya don kada sarƙa ta ci. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: ba ya taka ƙofar aji sai ya yi sallama an amsa. In amsar ta fito a sanyaye, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara tabarau, ya sake. Tun muna firamare haka yake. Yakan ce aji ɗakin yara ne, shi baƙo ne, baƙo kuwa ba ya kutsa kai.

To me ya yi mini? Abin kunya ne in faɗa, don ba wani abu ba ne. Wata rana ina tsakiyar darasi da 'yan aji biyar, ya zo karɓar alli. Ya yi sallama, suka amsa, ya shigo ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, “Kun ga wannan Ankul ɗin naku? Ɗana ne. Ranar da aka kawo shi aji ɗaya ƙarfen taga ya rungume yana kuka yana kiran Inna, har ya jiƙa wandonsa. Sai da na saya masa ƙosai ya sake ƙarfen. Ga shi yau ya zama mutum.”

Ajin ya tarwatse da dariya. Shi a ransa yabona ya yi, wallahi na san yabona ya yi. Amma daga ranar na zama Ankul Ƙosai. A allo nake tarar da shi an rubuta, a bayan bencina, har a bakin mai acaɓan da ke tsayawa a ƙofar makaranta. Ina saurayi mai guga da turare, ina ganin na kai, tsoho ya tuɓe ni a gaban 'yan mata. Na ƙullace shi, na kuma iya ƙullata, don kullum da safe sai na rusuna na gaishe shi.

Ana nan sai Hajiya ta je wata bita a Kaduna, ta dawo da zazzaɓin zamani. Ta tara mu a ofishin malamai ta ce daga wannan zangon kowane aji za a buɗe masa guruf a waya, kowane malami kuma zai ba da aiki a ciki, yara su yi bincike a gida su turo da murya ko da hoto. Ta ce ranar Juma'ar mako na huɗu za ta duba. Sannan ta kalli silin, kamar ba da kowa take ba, ta ce, “Duk wanda ya ga ba zai iya ba, ba faɗa. Akwai yara masu digiri da ke kawo mini takardu kullum.”

Kowa ya san da wa take. Malam ma ya sani, don na ga ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

Ni aka ba riƙon guruf ɗin aji biyar. Yawancin yaran ba su da waya, ta iyayensu mata suke ara in an yi la'asar, wasu ta yayyensu. Kwana biyu da buɗewa guruf ya zama kasuwa. Wannan ya ce barka da safiya, mutum ashirin su amsa. Wata uwa ta turo hoton fure da addu'a, a jera mata amin har sai yatsa ya gaji da ja. Aikin da malamin lissafi ya sa ya nutse, aka neme shi aka rasa. Raina ya ɓaci na rubuta doka: ba gaisuwa, ba amsa gaisuwa, ba amin, ba fure. Wanda ya karya zan cire lambarsa, makin aikin zango kuma ya tafi ke nan. Na cire mutum biyu a ranar don a ga da gaske nake. Guruf ya yi tsit. Wannan dokar ba don Malam na yi ta ba, Allah ya sani, lokacin ko waya mai shafawa ba shi da ita.

Sai a mako na uku ya zo mini da ita, tsohuwar wayar 'yarsa, fuskarta a tsage, an naɗe ta a leda saboda damina. Ya zauna kusa da ni a benci, shi da ya haife ni a karatu, ya ce, “Ɗana, ka sa ni a zauren nan naku.” Zaure yake ce wa guruf, kuma bai taɓa canzawa ba.

Ya buɗe wani littafin rubutu ya nuna mini abin da ya shirya. Kowane yaro zai je wurin kakarsa ko wani tsoho a layinsu, ya roƙi kalma ɗaya da aka daina faɗa, ya ɗauki muryar tsohon yana faɗarta yana bayani, ya turo. Ya ce in zango ya ƙare sai a haɗa, ajin ya zama yana da ƙamus na muryoyin kakanninsa. Ya rubuta sunan kowane yaro, a gabansa ya sa unguwarsu da tsohon da ya san yana gidan. Na duba shafukan nan. Duk makarantar ba wanda ya yi tunanin da ya kai wannan, har ni da nake ta hura hanci.

Na sa shi a guruf. Na nuna masa inda zai danna ya riƙe ya yi magana, don idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe balle ya rubuta. Abin da ban gaya masa ba shi ne, wanda ya shigo daga baya ba ya ganin abin da aka rubuta kafin zuwansa. Dokata tana can sama, shi kuwa farin fili kawai yake gani. Ta zo mini har baki. Na haɗiye ta.

Ranar Litinin bayan la'asar saƙonsa ya shigo. Ya yi gyaran murya, ana jin kaji a bayansa, ya ce, “Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan aji biyar, malaminku ne na Hausa a bakin ƙofa.” Shi ke nan. Daƙiƙa tara. Ya tsaya yana jira a ce ya shigo.

Ina zaune a shagon mai cajin waya na saurara, na yi dariya har da buga cinya. Ba wanda ya amsa. Wa zai amsa ya rasa maki?

Da safe monitar ajin ta same ni a baranda, wata yarinya mai natsuwa da ba ta cika magana ba. Ta ce, “Ankul, Malam ya yi sallama jiya. Mu amsa?”

Na ce, “Me doka ta ce?”

Ta ce, “Ai Malam ne.”

Na ce, “Dokar ta ce ban da Malam? Ki amsa mana, ki gani.”

Ta sunkuyar da kai ta tafi. A ofishin malamai kuwa na kunna saƙon a lasifika, na kwaikwayi gyaran muryarsa, na ce tsoho yana jira a shimfiɗa masa buzu a cikin waya. Matasan cikinmu suka yi ta ƙyaƙyatawa. Malamar turanci ce kaɗai ta ce, “Kai dai ba ka da kirki,” amma ita ma tana murmushi ta faɗa, kuma ba ta je ta gaya masa ba.

Da aka tashi tara ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa. “Ɗana, anya maganata ta shiga kuwa? Ko na danna ba daidai ba?”

Nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Da na ce masa ba ta shiga ba, da ya sake gwadawa da sauƙin zuciya. Sai na karɓi wayar na ce, “Ta shiga, Malam. Har ma ana iya ganin waɗanda suka saurara.” Na buɗe masa wurin, na karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ake kiran rajista. Kowane suna na kira sai ya gyaɗa kai, don ya san yaron, ya san ubansa. Suna ɗaya kawai na tsallake, wanda yake a sama.

Ya ce, “Duk sun ji?”

Na ce, “Sun ji.”

Ya ce, “Wataƙila lokacin aikin gida ne. Yara da aike.”

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, a aji yaran nan suna amsa masa sallama kamar kullum, har da ƙarfi fiye da da, don kunya tana cin su. Shi kuma ba zai tambaye su ba. Malam ba mutumin da zai tsaya gaban yaro ya ce don me ba ka amsa mini ba ne. A wurinsa sallama ba a roƙon amsarta.

Ranar Talata ya sake. Wannan karon ya ƙara tsawo, ya gaishe da iyayen da ke ba da aron waya, ya yi musu addu'a, sannan ya ce, “Na sake sallama.” Ba a yi minti biyar ba sai ga amsa daga lambar mahaifiyar monita. Matar da kanta ta yi magana, ana jin tana daka ta tsaya: “Wa alaikumus salam, Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka.” Ashe ta ji yarinyar tana saurara, ta ƙwace wayarta ta ce wane irin rashin tarbiyya ne wannan.

Na san Malam ba ya duba waya sai ya dawo daga masallaci. Nan take na goge saƙon matar, na cire lambar. Mai riƙon guruf yana da wannan ikon, ni kuwa na yi amfani da shi a kan matar da ta amsa sallama. Sauran yaran suka gani, suka ƙara shiga taitayinsu.

Washegari ya nuna mini wurin. “Ga wani abu nan a ƙasan maganata, ɗan rubutu. Me ya ce?”

Na ce, “Wani ne ya yi magana, kuma aka janye.”

“Aka janye?”

“E, Malam.”

Ya daɗe yana kallon tsagaggen gilashin nan. Ya ce, “To.” Ya mayar da wayar cikin leda, ya ɗaure bakin ledar, ya sa a aljihu. Ranar ban ga ya ci ƙosan da yake saye a bakin ƙofa ba.

Ban yi zaton abin zai wuce haka ba, ko kuwa in ce na hana kaina zato. A lissafina zai gaji ya zuba aikinsa ba tare da an amsa ba, in samu abin tsokana na mako guda, shi ke nan mun yi canjaras. Na manta wane ne shi. Alhali kuwa a ajinsa na koyi cewa sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya, ba ka leƙa, ba ka ƙwanƙwasa, ba ka yi fushi.

Ta ukun ta zo ranar Laraba, ana yayyafi, ana jin sa a kan kwanon ɗakinsa. Ba gyaran murya. “Assalamu alaikum.” Ya ɗan jira a cikin saƙon, kamar mai kasa kunne, numfashinsa yana fita. Sannan ya ce, “To, na koma. Allah ya yi muku albarka.”

Na saurara sau biyu. Wallahi yatsana ya kai kan wurin dannawa. Kalma uku ce, da na faɗe ta da yaran sun biyo ni kamar an ɓalle famfo. Sai na tuna ƙarfen taga da dariyar 'yan mata, na kife wayar. Ranar Alhamis da safe aka ga ɗan rubutu a guruf cewa ya fita. 'Yarsa ya sa ta fitar da shi.

Ranar Juma'a Hajiya ta karɓi wayata tana dubawa. Lissafi ga shi, turanci ga shi, nawa ga shi har da hotuna. Ta ce, “Ina Hausa?”

Na ce, “Hajiya, na sa shi, na koya masa. Gaisuwa kawai ya yi ta yi, daga baya ya fita da kansa. Ga shi a rubuce.”

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, shi ya sa har yau yake ci na. Ta yi tsaki ta ce dama ta sani. Ba ta ma sha wahalar korarsa ba, don da ta aika a kira shi, ya riga ya ajiye rajista da kwalin alli a kan teburinta. Abin da ya ce mata kawai, wurin da yara ba sa son shigarsa ba zai zauna yana cin albashi a kansu ba. Ita ta ɗauka borin kunya ne. Bayan mako biyu aka kawo wani mai digiri, wanda yake karanta wa yara littafi daga waya yana hamma.

Monita ba ta sake gaishe ni ba har ta gama makarantar. In mun haɗu sai ta kalli ƙasa ta wuce. Sunan Ankul Ƙosai ma ya mutu, ba wanda ya ƙara rubuta shi. Na samu abin da nake so, ajin ya zama in na shiga ba mai ko tari.

Sai da aka yi hutu na iya zuwa Tudun Jukun. Inna ce ta matsa, ta ji a gidan suna cewa Malam ya bar aiki, ta ce in ban je na gaishe shi ba kada in ƙara cin tuwonta. Ba ta san komai ba. Na hau keke napep har bakin layinsu, na ƙarasa da ƙafa ina tsallake kwatoci, ina fatan a ce ba ya nan.

Yana nan, a zaure, ya kife kekensa yana shafa wa sarƙa mai. Ban rufe bakin sallamata ba ya amsa, cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi Inna, ya tambayi Hajiya, ya tambayi masu walda. Ya rame. Littafin nan na kalmomi yana kan taga, an ɗora masa kwanon goro.

Na yi ta juya maganar a baki ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, “Malam, yaran zamani sai haƙuri.”

Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “A'a, kada ka ɗora musu. Uwar monita ta zo nan da kanta, ta gaya mini dokar da aka sa. Dama abin da ya hana ni barci ke nan, in ce yara talatin da huɗu sun ɗauki nauyin sallama a wuyansu saboda ni. Ka san amsa wajibi ce, amma mutum ɗaya in ya amsa ya ɗauke wa kowa. Da na ji matar nan ta amsa, sai na ce alhamdu lillahi, ta ɗauke musu ta Talata. Saura biyu. In an koma makaranta ka gaya musu na yafe. Yara ne, abin da aka ce musu suke yi.”

Na ce, “To, Malam.”

Ya ce, “Na sa 'yata ta sake karanta mini sunayen nan, na waɗanda suka saurara. Ka tsallake ɗaya. Duk sau ukun shi ne na farko.”

Bai ɗaga murya ba, bai ko kalle ni ba. Na zauna ina jira ya ƙarasa, ya ce ni ma ya yafe, ko ya zage ni, ko ya tambaye ni don me, in samu in faɗi in kama ƙafarsa. Na jira har aka kira la'asar. Ya juya fedar keken da hannu, ya kasa kunne yana jin ko sarƙar ta daina ƙara.

Da na miƙe ina sa takalmi ya ce, “Ka gaida Inna.” A da in zan tafi ɗana yake cewa. Ranar bai ce ba, kuma bai sake cewa ba.

Na canza waya sau uku tun daga lokacin, kowace na sa an kwaso mini saƙonnin nan. Guruf ɗin ya watse, yaran sun yi aure, wasu suna jami'a. Wani lokaci in ina zaune ni kaɗai nakan kunna ta Laraba, in ji yayyafin, in ji inda ya tsaya yana kasa kunne. Nan nake amsawa, a fili, cikakkiya. Sai muryar ta ce, “To, na koma.”